Famfon da Yaya Assumanu Ya Ɗaure

Bana shekara goma sha biyu da rasuwar yayana Assumanu, mushen lakkol, wato malamin makaranta, a Tahoua, mai koyar da ilimin halittu. Bai iya gajeriyar amsa ba. Ka tambaye shi ko ya ci abinci, sai ya fara gaya maka inda tuwon ya kai yanzu. Mun sha yi masa dariya, har ranar da surutunsa ya yi mini rana.

Ina aure a Kalfu lokacin da kwalara ta kama 'yata Sa'a, tana da shekara huɗu. Surukata Inna Kulu ta lura duk ruwan da aka ba yarinyar fita yake yi, sai ta kulle randa a ɗakinta don zawon ya tsaya. Ƙauna ce ta sa ta, ni ma kuma na yarda. Idon Sa'a ya riga ya zurma sa'ad da Yaya ya iso da hantsi, da jarka mai famfo a bayan babur.

Bai yi faɗa ba. Ya buɗe famfon jarkar, ya ɗaure kan famfon da roba don kada ya rufe, ruwa na zuba a ƙasa. Inna ba ta iya ganin ɓarnar ruwa, nan da nan ta tara ƙwarya. Sai ya ce haka cikin Sa'a yake. A ƙwayoyin halittar hanji akwai wani furotin da ke ba da umarnin a saki gishiri da ruwa, sannan ya kashe umarnin da kansa. Gubar kwalara ba ta fasa shi. Ɗan guntun sinadari take liƙa masa, sai ya maƙale a buɗe. Amma ƙofar da sukari ke shiga tare da gishiri tana nan lafiya, ruwa kuma yana bin su.

Inna ta tambaya wa zai kwance.

"Ba mai kwance shi, Inna. Cikin 'yan kwanakki hanji na zubda tsohhin ƙwayoyin, shi yi sabbi. Namu dai kada ɗiyar ga ta ƙahe kahin nan."

Ta ɗauko makullin ɗakin da randar take. Ita ta riƙe cokalin ruwan gishiri da sukari har muka isa likita, wato asibiti.

Yau Sa'a tana nuna mini hoton furotin ɗin a waya, har yana juyawa. Da Yaya na nan, da ba mu ƙara ganin wayar ba sai cajin ya ƙare. Inna kuwa ta tsufa, ba ta san kalmar furotin ba, amma duk gidan da yaro ke zawo takan je da cokalinta ta ce an ɗaure famfo, a yi ta ba shi ruwa a tafi likita.

Ina kewarsa, sai dai raina a kwance yake. Jiya na tambayi Sa'a ko ta sha ruwa, sai ta fara gaya mini inda ruwan ya kai. Na ajiye tsintsiya na zauna, ban katse ta ba.