Zargin da Na Yi wa Baba Ladan Saboda Garaya

Malam Edita, assalamu alaikum. Ni tsoho ne yanzu, haƙora sun zube, jikoki dariya suke yi in na ce na taɓa yin ƙuruciya. Na kuwa yi ta, har da ƙari. A shekarun da Turawa ba su daɗe da kafa turakun iyaka a arewa da mu ba, ina sabon magidanci a Gagarawa, da mace ɗaya da ɗa ɗaya a goye. Da damina in yi noma, da rani in kora jakunana uku zuwa Maigatari, in ɗauko kanwa in kai Gumel. Ina da zafin kai, ga saurin zargi. In mutum ya gaishe ni da fara'a sai in ce me yake nema, in ya gaishe ni a daƙile sai in ce me na yi masa. Wannan hali ne ya raba ni da mutumin da ya tsaya mini a matsayin uba. Labarin da nake so in bayar ke nan, ba tare da na kama sunan kowa ba.

Danga ɗaya ce ta raba gidana da na ladanin unguwarmu. Abokin mahaifina ne tun suna yara. Shi ya yi wa mahaifina wanka ranar da ya rasu, shi ya karɓa mini aure, don haka Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. Inna ba 'yar garinmu ba ce, daga can arewa ya auro ta. Ba ta da dangi a kusa, ba ta zuwa gidan biki, ba ta da yawan magana. Da matata ta haihu, ita ta yi kwana arba'in tana dafa mata ruwan wanka, ko goro ba ta karɓa ba.

A kasuwar Maigatari na haɗu da wani tsoho Badamagare mai kiɗan garaya a gindin tsamiya. Tun ranar da na fara jin sa hankalina ya ƙi kwanciya. Na ba shi akuya, ya ba ni tsohuwar garayarsa mai fatar gada da tsirkiya biyu, ya koya mini take biyu na maharba. Akwai wani take na uku da na ji yana kaɗawa shi kaɗai wata rana, mai sanyi, mai shiga jiki. Na roƙe shi ya koya mini, ya ɗaure fuska ya ce wannan ba na 'yan koyo ba ne, in bar shi inda na ji shi. Ni kuwa kunnena ya riga ya ɗauka. A hanyar komawa gida, ina bayan jakuna, na yi ta maimaita shi a baki har ya zauna.

Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in yi ta gwaji. Wata guda cur ina ƙwaƙular takun maharban nan biyu, ina kuskure, tsirkiya tana ƙara kamar ana yanka zakara, babu wanda ya ce mini uffan. Baba ma har tsokanata yake yi, wai yaushe zan harbo mana gada. Sai da hannuna ya faɗa, na fara fitar da take na uku yadda ya kamata, sannan wata rana ya ja ni gefe a ƙofar masallaci. Ya ce kiɗan nan ya yi yawa, mutanen gidansa suna fama da ciwon kai, in daure in riƙa zuwa gindin kuka a bayan gari. Na ce to, amma raina ya ɓaci. Ina tafe ina tunani: ga maƙeri yana dukan ƙarfe tun safe, ga turame suna luguden daka a kowane gida, duk ba su sa musu ciwon kai ba sai 'yar garayata?

Bayan kwana uku kuma sai ya zo mini da wata magana. Mahaifina ya bar wani kango a bayan gidan Baba, can nesa da dangarmu. Ya ce yana so in ara masa shi, zai yi ɗan gini. Na tambaye shi ginin me, ya yi ta kwana-kwana bai ba ni amsa ba. Nan take na ce a raina, yauwa, ashe abin da ake nufi ke nan. A takura mini, a ɓata mini suna a ce ɗan wane ya zama maroƙi, in gaji in bar unguwa, a gaje gida da kango. Na ce masa zan yi shawara, na juya na bar shi tsaye.

Daga nan mai unguwa ya aiko kirana. Ya ce maƙwabta sun kawo kukana, bai kama suna ba. Na fito na bi unguwa gida-gida, ina gaisuwa ina ƙare wa fuskar kowa kallo. Maƙeri ya rantse shi daɗin kiɗan ma yake ji. Mai jima ya ce shi ko sani bai yi ba. Ban yarda da ko ɗayansu ba, amma na san inda maganar ta fito. Sai na shiga sa ido a gidan Baba ta wata kafa a jikin danga. Abin da na lura, da na ɗauki garaya sai Inna ta bar abin da take yi, ta suri tulu ta fice, ko da randunanta cike suke. Na ce lallai kai rahoto take zuwa. Wata rana kuma na hango ta a tsugune a bayan rumbu, ta toshe kunnuwa da hannu biyu. Na ce dubi munafunci, ta san ina leƙe shi ya sa take yi don in gani. Matata ta ce mini ita fa a ganinta tsoro Inna take ji, ba ƙiyayya ba ce, in bi a hankali. Na daka mata tsawa, na ce ruwan wankan jego ne ya saye ta.

Baba ya sake zuwa, wannan karon har zaurena, da goro a hannu. Dattijo mai furfura, ya zauna a ƙasa ni ina kan buzu, ban ko tashi na ba shi ba. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Ɗana, kaɗa duk abin da ka ga dama, daga safe har yamma. Wannan na ukun kawai nake roƙonka ka bari, don Allah." Na ce ya faɗa mini dalili. Ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya sake rufewa. Ni kuwa a lokacin na ɗauki shirun nan rashin gaskiya. Na ce wato wanda na fi iyawa, wanda mutane ke tsayawa a ƙofa su saurara, shi ne ya tsone masa ido. Na ture masa goronsa.

Kashegari da la'asar sakaliya, lokacin da mata suka ɗora tukunya, na ja tabarmata na kai ta jikin dangar nan, daidai inda na san murhun Inna yake. Na san ta yi talge, ba za ta iya barin tukunya ta fita ba. Da gangan na zaɓi lokacin, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na ɗaure tsirkiya tamau, na saki take na uku da duk ƙarfina, na kai ƙarshe na sake komowa. Ana cikin na uku ko na huɗu sai na ji wata ƙara daga bayan danga, murya mai kauri wadda ban taɓa ji a gidan nan ba, sannan ƙarar fashewar tukunya. Na tura danga na faɗa. Na tarar da Inna a ƙasa tana birgima, ɗankwali ya fita, talge ya kwarare mata a jiki, hannunta na dama yana cikin garwashi ita ko ji ba ta yi, tana ta zuba magana da wannan muryar. Kafin in janye ta mata sun cika gidan. Wata tsohuwa ta dube ta, ta dubi garayar da ke hannuna, ta ce mini a gaban kowa wannan ai taken bori ne nake kaɗawa, kowane iska da nasa, kuma mai wannan ya amsa kira.

Aka kira Baba daga masallaci. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe matarsa, ya ɗauke ta ya kai ɗaki. Da zai wuce ta gabana ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kuma da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sauran labarin a bakin mai unguwa na ji shi. A gidan bori Inna ta tashi tun tana yarinya, can garinsu. Ta tuba, Baba ya aure ta ya kawo ta inda ba a san ta ba, ya yi mata alkawarin ba zai taɓa faɗa wa kowa ba. Fiye da shekara ashirin abin bai tashi ba. Kangon da ya nema, so yake ya mayar mata da ɗaki da murhu can, nesa da kiɗana. Ba wanda ya hana shi kiran salla, amma gulma ta yi yawa, wasu suna cewa yaya mai 'yar bori a gida zai tashe mu asuba. Shi da kansa ya bari. Da aka yi girbi suka ɗora kayansu a jaki ɗaya suka koma wani ƙauye a wajen Sule Tankarkar. Ranar ina ɗaki ina jin tafiyarsu, kunya ta hana ni fitowa.

Shekara huɗu ina cewa gobe zan je. Da na je, na sami Inna ita kaɗai a inuwar bukka tana tsince wake da hannun hagu, na dama ya ƙanƙance, yatsun sun manne. Baba ya rasu tun damina biyu da suka wuce. Na durƙusa ina kuka kamar ƙaramin yaro, na roƙi gafara. Ta kawo mini ruwa, ta tambayi matata da yaron, sannan ta ce, "Nawa na yafe tun tuni. Nasa kuwa ban san yadda ya bar shi ba, bai ƙara ambaton sunanka ba har ya cika."

To, Malam Edita, da wannan nake kwana nake tashi fiye da shekara arba'in. Na yi masa sadaka, na yi masa addu'a, amma ban san da me zai tare ni ba in mun haɗu. Kirana ga masu karatu, musamman matasa masu zafin kai irin nawa na da: in maƙwabcin da ka san mutumin kirki ne ya roƙe ka ka bar wani abu, ya kasa faɗin dalili, kada ka ƙirƙira masa dalili daga muguwar zuciyarka. Wataƙila asirin wani yake riƙe da shi, kuma shirun ya fi yi masa ciwo fiye da yadda yake yi maka. In kuma ka riga ka ɓata, ka tashi ka je yau, tun mai yafewar yana da rai. Ni na je, na tarar da kabari.