Garin da Bai Jiƙe Ba

A wani shagon kayan ado a birnin Livingstone, wata tsohuwa mai koɗaɗɗen ɗankwali tana tsaye gaban taswirar zamanin yaƙin Hitila, irin wadda ake sake bugawa don ƙawata falo. Ba ruwanta da hanyoyin soja. Yatsanta yana bin gaɓar kogin Zambezi a hankali, har ya tsaya.

"Kaka, miji kike nema a ciki?" in ji mai shagon.

"Garinmu, ja'iri. Karanta mini nan."

"Siamuzwe."

Ina jin can aka binne cibiyarta, kafin ruwan madatsar Kariba ya haɗiye garin. Sababbin taswirori shuɗin ruwa kawai suke nunawa a wurin.

Tana goge gilashin da ke rufe da taswirar da bakin zanenta, tana murmushi.

"A nan dai bai jiƙe ba."