Baƙon Baffa Mai Rawani

Shekarar da aka kawo sabon injin casar shinkafa gefen garinmu, a kan hanyar Kura, tare da shi aka turo mutumin da zai haɗa shi. Dogo ne kakkaura, gemunsa ya sauko har ƙirji, ga shuɗin rawani ya naɗa tsaf. Tun ranar da ya sauka daga mota mutanen gari suka yanke hukunci cewa wani babban malami ne daga ƙasar Larabawa. Masu wucewa a kan babur sai su rage gudu su ce, "Allah gafarta Malam." Shi kuma ya haɗa tafukan hannunsa ya sunkuyar da kai yana murmushi.

A lokacin ina koyarwa a sakandaren garinmu, da yamma kuma ina lallaɓa 'yar gonar alkamata a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan noman rani. Gonar ta yi iyaka da ta Baffa, yayan mahaifina, wanda shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin nawa. Baffa malami ne, yana da Islamiyya a ƙofar gidansa, kuma shi ke limanci a ƙaramin masallacin da ke daf da gidan injin.

Wata la'asar muka fito daga gona za mu yi salla, sai ga baƙon zaune a inuwar masallacin yana shan iska. Baffa ya dube shi, ya dubi rawanin, ya ɗauki buta da hannunsa ya ajiye masa a gaba. Da aka tada iƙama ya kama hannun mutumin yana nuna masa wajen liman. Baƙon ya rikice, yana ta girgiza kai yana magana da Turanci.

"Kai, zo ka ji me yake cewa," in ji Baffa. "Ko matafiyi ne yake jin nauyin ya ja mu?"

Na matsa na saurara, sannan na ce, "Baffa, ya ce ya gode ƙwarai, amma shi ba Musulmi ba ne."

"To, Kirista ne ke nan?"

"A'a. Ya ce shi Sikh ne, daga Indiya."

Baffa ya ce, "Mu yi salla tukuna."

Da muka idar muka tarar mutumin bai tafi ba. Ya jera mana takalmanmu a ƙofar masallaci, kowanne ya juya shi ya fuskanci waje. Ya ce a wurin ibadarsu gyara wa mutane takalma aikin lada ne. Baffa ya zauna kusa da shi a kan tabarma, ya ce in zauna a tsakiya in yi tafinta.

Ni na san sunan addinin a littafi, har nakan faɗe shi a aji in wuce. Baffa kuwa bai taɓa jin sa ba. A saninsa mutanen duniya Musulmi ne da Kirista da Yahudu, sai masu bautar gumaka da Majusawan da ya karanta a littattafai. Don haka tambayarsa ta farko ita ce, "Alloli nawa ne a wurinku?"

Baƙon ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Yana da ɗa?"

"Ba a haife shi ba, ba ya mutuwa, ba shi da siffa."

Baffa ya gyara zama ya dube ni. "Ka tabbata haka ya faɗa, ba kai ka gyara masa ba?"

Na rantse masa ban ƙara ko kalma ba.

Daga ranar zaman la'asar ya zama nasu. Injiniya, kamar yadda muka koma kiransa, ya bayyana mana cewa ba sa aske gashi, shi ya sa suke naɗe shi cikin rawani. Ba sa shan taba. Suna da littafi da suke girmamawa matuƙa, amma ba Alƙur'ani ba ne, kuma malamansu na farko suke bi, ba Annabinmu ba. A nan Baffa ya ce, "To, a nan muka rabu," ba tare da ya ɗaure fuska ba. Abin da ya fi burge shi shi ne jin cewa a kowane ɗakin ibadarsu ana dafa abinci kullum, kowa ya zo ya zauna a ƙasa ya ci, mai kuɗi kusa da talaka, ba a tambayar addinin mutum.

Goggo, matar Baffa, da ta ji ana ta zancen baƙo, sai ta sa aka yanka masa zakara. Aka kawo, Injiniya ya buɗe kwano, ya rufe a hankali, ya ce in ba ta haƙuri, shi ba ya cin nama. Goggo ta ji haushi sosai. Daga bayan ƙofar zaure ta ce, "Ƙato kamar wannan, da me ya yi ƙibar?" Washegari ta aiko da shinkafa da wake da kwaɗon zogale da kindirmo. Ya cinye tas, har ya sa yatsa ya suɗe kwanon. Daga nan ta sauko, kullum sai ta tambaya ko an kai wa mai rawani nasa.

Wata rana Baffa ya ce in ɗauko taswirar duniya ta makarantarmu. Muka shimfiɗa ta a zaure muka danne gefunanta da takalma. Injiniya ya ɗora yatsa a arewacin Indiya, ya ce nan ne Punjab, jiharsu, kuma a nan mafi yawansu suke, sai waɗanda neman abinci ya kai Ingila da Kanada da Kenya. Ya ce akasarin mutanen ƙasarsu Hindu ne, masu girmama saniya, waɗanda suka yarda rai yana dawowa duniya a wani jiki. Ya ja yatsa zuwa gabas, ƙasashen mabiya Buddha. Ni kuma na nuna Turai da Amurka da kudancin Afirka, inda Kiristoci suka fi yawa.

"Mu fa, ina muke?" in ji Baffa.

Na shafa daga Senegal har Masar, na haura Makka, na wuce Pakistan, na gangara can ƙasa kan wasu tsibirai na ce, "Nan Indonesiya ce. Musulmin da ke nan sun fi na kowace ƙasar Larabawa yawa." Injiniya ya ƙara da cewa a Indiya ma Musulmi suna da ɗimbin yawa, kakansa ya tashi ne a ƙauye ɗaya da su, rijiya ɗaya suke sha. Baffa ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce in nuna masa Kura. Na ce ai ko Kano ɗigo ce kawai. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Allah mai halitta."

A gona kuwa ba sa bukatata. Ashe Injiniya ɗan manomi ne, kuma garinsu ma noman rani ake yi da ruwan kanal, alkama da sanyi, shinkafa da damina. Ran da ya fara ganin alkamar Baffa ya tsuguna ya shafa zangarniyar, idonsa ya kawo ruwa. Bayan haka nakan hango su daga gonata, sun naɗe ƙafar wando, ɗaya na buɗe wa ruwa hanya da fartanya ɗaya na toshewa, suna gardama da hannu kan yawan ruwan da ya kamata a ba fage.

Ana gab da gama aikin injin Baffa ya ce mini, "Akwai haƙƙin da ke wuyana, faɗa masa kamar yadda zan faɗa." Ya dubi mutumin ya ce, "Ina ƙaunarka, don haka ina yi maka kwaɗayin Musulunci. Ban tilasta ka ba, amma ba zan bari ka tafi ban faɗa ba."

Injiniya ya kama hannun Baffa da hannu biyu. Ya ce ya san ƙauna ce ta sa shi faɗa, amma shi a kan hanyar iyayensa zai mutu. Baffa ya gyaɗa kai ya ce, "Shiriya ta Allah ce. Shayinka zai huce." Bai sake tayar da maganar ba.

Bayan ya koma ƙasarsu yakan kira ni ta waya jefi-jefi, in kai wa Baffa su ga juna. Wata rana ya kira muryarsa a dushe, ya ce mahaifiyarsa ta rasu, sun dawo daga ƙona gawarta kamar yadda ake yi a wurinsu. Na yi jinkirin fassara wannan, amma na faɗa. Baffa ya runtse ido. Sannan ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da fuskarsa.

"Ka ce masa na san zafin rashin uwa, ni ma da furfurata na yi kukan tawa. Allah ya ba shi haƙuri, ya ƙarfafa zuciyarsa."

Na faɗa masa. Injiniya ya share ido da bayan hannu ya yi godiya. Suna cikin kallon juna sai Goggo ta leƙo ta ce a tambaye shi ko ya samu ya sa wani abu a cikinsa yau.