Sunan da Inna Iyatu Ba Ta Faɗa

Lokacin da Kubura take takaba ba ta roƙi kowa ruwa ba, amma kullum ta idar da sallar asuba sai ta tarar da randarta cike. Daga baya ta gane Inna Iyatu ce, maƙwabciyarta a unguwar Takur ta Dutse, take ɗebowa a famfo ta juye ta sulale. Da ta yi mata godiya, dattijuwar ta kau da kai kamar an kama ta da sata. Haka Allah ya yi ta.

Inna Iyatu Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Miga. A can ta yi haihuwar fari, a ɗakin mahaifiyarta, ranar ashirin da bakwai ga Agustan 1991. Tana kan gwiwa maza a waje suka ɓarke da sowa a gaban rediyo: an cire Jigawa daga Kano, Dutse ce babban birni. Kafin sowar ta lafa yaron ya faɗo. Ita kuwa ta juya fuska ga zana, don ɗan fari ne. Uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, sunansa ba ya fita daga bakinta. Bubayero aka raɗa masa. Ita "wancan" take cewa, da ta haifi ƙanwarsa kuma ya koma "yayan Hadiyya".

Mijinta ya samu aikin gadi a Dutse, yaron ya tashi a birni, cikin 'ya'yan da iyayensu mata ke ƙwala musu kira da suna har bakin titi. Ya san al'adar, yana dai haɗiyewa.

Ranar sunan ɗansa na fari, tsakar gida cike da mata, Bilki mai kitso ta ce, "Inna, ashe angon ƙarnin nan sa'an jiha ne? An ce rana ɗaya aka haife su!"

"Oho. Ni ina na riƙe? Ku tambayi kakarsa."

Aka kwashe da dariya. Kubura kaɗai ta hango Bubayero a bakin zaure, riƙe da atamfar da ya sayo wa uwarsa. Ya ɗora ta a kan turmi ya juya. Bayan arba'in ya kwashe iyalinsa zuwa Fatakwal, ya kama tuƙin babbar mota. Saƙo yana zuwa ta hannun Hadiyya, muryarsa ce dai ba ta zuwa.

Tun daga nan, duk shekara in ranar haihuwarsa ta zagayo, Inna Iyatu takan shigo wai aron rariya, ta zauna kusa da rediyon Kubura. Mai shiri ya yi ta jerowa: a rana irin ta yau aka yi juyin mulki a 1985, ana hidimar Babbar Sallah, a rana irin ta yau aka ba mu jiha. Leɓunanta na motsi. In an gama ta tashi, rariyar ma a nan take barin ta.

Bara ba ta tashi ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kunyar ɗan fari aka koya mini, Kubura. Wadda nake ji yanzu daban ce. Na ce na manta haihuwarsa, a gaban jama'a, yana ji."

"To Inna, mu kira shi mana. Ga waya, Hadiyya ta sa mini lambarsa."

"Bakina ba zai iya ba. Ko a sujada 'yaron nan' nake ce wa Allah."

Inna Iyatu ta murza bakin zaninta. Sannan ta turo wayar gaban Kubura da ɗan yatsa.

"Ke ki kira. Ki ce masa an yi ruwa ranar da na haife shi, kuma da kowa ya fita na leƙa fuskarsa, na daɗe ina kallo. Amma ki fara da sunansa, don Allah. Ki faɗa da ƙarfi, ina nan kusa, in ji."