Cefanen da ba mai yi wa faɗa

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Hajara, Allah ya jiƙanta, kuma har yau in na riƙo ledar cefane sai in ji kamar za a tuhume ni.

Hajara ba ta taɓa taka kasuwar Magaria ba, amma daga tsakar gida ta san kuɗin tiyar wake a kowace rumfa. Ƴan talla da maƙwabta ke kawo mata labari. Ni ke fita cefane, ita ke yi mini shari'a in na dawo. Sai ta kwance ƙunshin daddawa, ta shinshina, ta dube ni.

"Malam, wajen mutum nawa ka taya?"

In na ce biyu, sai ta ce, "To na ukun fa? Mutanen Bande sun shigo da kaya yau, da ka ƙarasa da ka samu da araha, har da gyara."

Haushi nake ji a lokacin, ba zan ɓoye ba. Don gudun bakinta na koyi zagaye kasuwa kaf kafin in zaro ko dala.

Yanzu an buɗe wani babban butik a bakin hanya, kowane kaya da kuɗinsa manne a jiki. Ba tayi, ba albarka, ba gyara. Na san da tana nan cewa za ta yi mai butik tsoron baki yake, shi ya sa ya sa takarda ta yi masa ciniki. Ƴata Sa'a, da ke aure a Damagaram, ta kira ni ta ce in bar wahalar da ƙafafuna, za ta sa a riƙa kawo mini komai daga butik ɗin a kan babur. Wai ta gwada, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Gaskiyarta. Amma in na yarda, me zai fitar da ni daga gida? Zagayen nan shi ne gadon da Hajara ta bar mini, kuma ban da masallaci, a cikinsa kaɗai nake jin an kira sunana. Na ce wa Sa'a ta dakata.

Ranar kasuwar da ta wuce gwiwa ta matsa mini. Na tsaya a rumfar farko, na sayi barkono yadda aka faɗa, ban taya ba. Na san tsada na saya. Na shigo gida, na ajiye ledar a inda Hajara take zama, na faɗi kuɗin da ƙarfi.

Na jima a tsaye. Ba wanda ya ce an cuce ni, kuma ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.