Ƙwan Lantarki Ba Rana Ba Ne

Shekara talatin da takwas Baba Wilfred ya yi yana ɗaukar hoto a Nasarawa, har wayar salula ta zo ta kwashe masu zuwa. Bai rufe shago ba. Taurin kai kam, ai ko jakin Kano albarka.

Sai ga autarsa Faith ta dawo daga jami'a ido jajir. Aikinta na kammala karatu shi ne ta ɗauki abu hoto sau goma, kowane da haske ta wani gefe, kwamfuta ta duba inuwa ta fitar da siffarsa. Ƙwaryar marigayiya mahaifiyarta ta ɗauka, kwamfuta ta mayar da ita faranti. Malaminta ya ce sai da fitilun ƙasar waje, in babu ta maimaita shekara.

"Maimaita me? Ina raye?" Baba ya buga tebur. "Me kika gaya wa na'urar game da fitilarki?"

"Lissafin ya ɗauka hasken daga nesa yake, Baba, kamar rana."

"Kayya! Ƙwan da ke kusa da hancinki ne rana? Ƙarya kika yi mata, ta rama."

Ya lulluɓe farin bangon shagon da baƙin yadi, don bango ma mayar da haske yake yi. Wutar NEPA mai hawa da sauka ya ce ba ya so, ya jona batirin mota. Ya auna nisan kowane ƙwai da awon tela, yana faɗa tana shigarwa a kwamfuta, yana mitar yaran zamani da ba su san inuwa ba. Kwana shida suna wannan fama.

Ranar ta bakwai ƙwarya ta fito a allo, zagaye sumul, har da zanenta. Faith ta yi tsalle, sai kuma ta tsaya cak.

"Akwai ɗan loɓawa a baki. Malam zai ce kuskure ne. Bari in goge."

Baba ya matso da tabarau, ya daɗe yana kallo. Kewar matarsa ta kama shi.

"Kul, kar ki taɓa! Nan uwarki take riƙewa in tana dama fura, shekara talatin. Ki tafi masa da ƙwaryar. In ya yi gardama, ya sa babban yatsansa a wurin."