Soron Tamba na Argungu

Duk wanda ya taɓa zama da Tamba magini a Birnin Kebbi ya ji labarin soron da ya gina a Argungu yana saurayi. Ko gaisuwar rasuwa kuka haɗu, sai ya san yadda ya yi ya karkato da zancen can. Soron ya yi ta ƙara tsawo a bakinsa shekara bayan shekara, har abokan hirarsa suka fara tambayarsa ko daga samansa ana hango Sakkwato.

Tamba gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta. Yana da wani hali da ya sha jawo masa magana: in ya shiga gidan mutum, sai ya ƙwanƙwasa bango ya saurara kafin ya gai da mai gidan. A shekarun da komai na gwamnati sai an je Sakkwato, siminti da kwano suka shigo gari, ginin ƙasa ya ja baya. Tamba ya koma gyaran katanga da ɗinkin rumbu, da damina kuma ya duƙufa ga shinkafarsa a fadama. Bai taɓa kuka da talauci ba, don yana da soronsa na Argungu.

Abin da mutane ba su lura ba shi ne, sama da shekara talatin bai taka Argungu ba, alhali tafiyar ba ta kai a yi mata guzuri ba. In ka tambaye shi unguwar da soron yake, nan take zai tuna da wani aiki. Matarsa Ma'u ce kaɗai ta san dalili. Lokacin ginin, Maliki, maigidansa a sana'ar gini, ya kwanta ciwo, Tamba ya ɗaure rufin shi kaɗai. Da tsohon ya samu sauƙi ya zo ya ɗaga kai ya duba, bai yaba ba, bai kushe ba, cewa kawai ya yi a bari a ji abin da damina za ta ce. Kafin ruwa ya sauka aka kira Tamba gida, mahaifinsa ya rasu. Tun ran nan tsoro ɗaya ke cinsa, kada ya je ya tarar da tulin ƙasa awaki na hawa.

Sai ga ɗansu Kalilu, malamin makaranta, an tura shi Argungu, matarsa ta haihu da bazara, aka ce sunan Tamba za a sa wa yaron.

"Malam, wanga karo babu gudu," in ji Ma'u. "An yi maka takwara. In ba ka tahi ba, mi za ka ce ma mutane?"

"Gyaran gona hwa?"

"Gona ba ta zuwa ko'ina. Tashi ka sa riga."

Haka ya bi Ma'u ya shiga mota kamar wanda za a kai gaban alƙali. Da safe aka raɗa suna, aka yi addu'a, ana cikin rabon goro ya sulale.

Garin ya kama shi ba shiri. Ya tarar da shi shiru a inuwar dogon yaro, ƙanshin bandar kifi na tasowa daga bakin gulbi. Kabawa na zaune suna ɗinkin komar kamun kifi, matan Fulani na wucewa da ƙoren nono, wata Bayarabiya mai tuyar ƙosai tana tsokanar wani Bazabarme da Hausar da ta fi ta Tamba gishiri. Ga tsofaffin soraye nan a tsaye, ja wur, zankwayensu a miƙe, ƙofofinsu da zane. Ya tsaya gaban tsohuwar fada ya daɗe, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai. Ya bi gari lungu-lungu yana gaisawa da bangaye, kuma duk wannan yawo, gaskiyar magana, kewaye-kewaye ne don kada ya isa inda ya nufa.

Amma ƙafa ta san hanya. Ya sha kwanar wata tsamiya, sai ga soron.

Yana tsaye. Bai kai rabin wanda ke bakin Tamba ba, amma yana tsaye, har ya yi ƙiba. Yaɓe kan yaɓe ya sa bangon ya kumbura, zanen da Tamba ya yi da yatsunsa a saman ƙofa ya nutse ƙarƙashi, ko alamarsa babu. Ya ji zafin wannan ƙwarai. Sai dai magini ne, ya san ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun da ke shafa shi kafin kowace damina. Ga hannayen ma a gabansa: mutanen gidan sun fito yaɓen bana, wani tela Bayarabe da wani Ibo mai shagon magani sun naɗe wanduna suna cuɗa ƙasa da ƙafa, matasa na miƙa wa na sama. Wata tsohuwa na zaune kan kujerar tsugunne tana ba da umarni da sanda.

Tamba ya matsa ya ƙwanƙwasa bangon.

"Bawan Allah, ba a sallama garinku?" in ji tsohuwar.

Ya yi sallama, ya ba da haƙuri, sannan ya tambaya da murya ƙasa-ƙasa, "Hajiya, wa yag gina wanga soro?"

"Wani yaro na, ɗan Birnin Kebbi, mai gardamar tsiya. Ni ka dama mashi hura ina amarya. Yag gama yat tahi, ko waiwaye."

"Ni na."

Ta ƙura masa ido ta daɗe. Ita ce Baiwa, Bazabarma, matar marigayi Alhaji Dikko, falken da aka gina wa soron. Ta dogara sandarta ta miƙe.

"Lalle kai na. Gajartar ba ta sake ba. Biyo ni."

Ciki da sanyi kamar randa. Tamba ya ɗaga kai, ya ga bakan gizon da ya ɗaure sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, babu wanda ya rankwafa. Ƙwalla ta cika masa ido, bai kuma ɓoye ba. Yana shirin buɗe baki ya fara bayanin yadda ya zaɓi azara, sai Baiwa ta nuna kusurwar gabas da sanda. Wani baƙin layi ne ya sauko daga rufi har ƙasa, ƙarƙashinsa an girke tsohuwar tasa.

"Tun ruwan hwari shika zuba nan," ta ce. "Magina sun so su buɗe wurin, Alhaji yah hana. Yac ce mai shi za ya dawo, shi yas san inda yab bari. Kowace bazara sai ya zamna ƙohwa yana duban hanya. Har Allah ya amshi abinai."

Tamba ya dubi tasar, ya dubi ƙofar. Shi yana can yana gudun kada ya tarar babu komai, ashe a nan wani bawan Allah ya tsufa yana jiran sa. Kunya ta rufe shi, tare da wani daɗi da bai san inda zai ajiye shi ba.

"Ku ba ni tsani," ya ce.

Can da la'asar Ma'u da Kalilu suka gano shi a kan rufi, yana yi wa tela da mai magani faɗa kan ƙasar da suka cika wa ruwa, su kuma suna dariya suna "To, Baba." Ma'u ta koma Birnin Kebbi ita kaɗai. Gonar bana maƙwabta suka shuka masa.

Ran da ruwan farko ya sauka da hantsi, Tamba da Baiwa na zaune cikin soron, sun zuba wa kusurwar ido. Aka yi ta sheƙawa har indararo ya gaji, ko ɗigo bai faɗo ba. Baiwa ta sunkuya ta ɗauki tasar, ta juya ta a hannu, ta dudduba ɗakin ta rasa inda za ta ajiye ta.

"Alhaji ya ce kana zuwa," ta ce. "Ni ce ban yarda ba."